Idan Muryar Yaro Ta Dishe: Tsiron Maƙogwaro Mai Dawowa da Yadda Ake Jinyarsa

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan garinmu, likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai girma shugaban wannan taro, mai girma Hakimi uban ƙasa, Allah Ya ja zamaninka, dagatai da masu unguwanni, Liman da sauran malamanmu, shugabannin rassan ƙungiya na birane, iyayenmu mata, 'yan uwa maza da mata, ina yi mana barka da wannan rana. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nuna mana zagayowar wannan taro da rai da lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Gabatarwa

Lokacin da kwamitin shirya taro ya aiko mini da takardar gayyata, an bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai a fagen kiwon lafiya. Na san da yawa za su yi tsammanin zan ɗauko zazzaɓin cizon sauro ko hawan jini ko ciwon suga, domin su ne suka fi addabar jama'armu. To amma waɗannan sun sha bayani a rediyo da talabijin. Saboda haka sai na zaɓi wani ciwo wanda ba shi da yawa, wanda galibinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, amma jinyarsa ta rataya a wuyan mu mazauna birni fiye da kowa. Ciwo ne da ake kamuwa da shi ko'ina, amma ba a iya aikinsa sai a manyan asibitocin da ke garuruwan da muke zaune, kuma ba sau ɗaya ake yin aikin ba. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ginshiƙin jawabina, ita nake roƙon kowa ya tafi da ita gida.

Abin da ya faru a gabana

Wasu shekaru da suka wuce, cikin wani dare na hunturu, aka kira ni ɗakin taimakon gaggawa na asibitin da nake aiki. Na tarar da wani yaro ɗan shekara uku a kan cinyar mahaifiyarsa, ya jiƙe sharkaf da gumi duk da sanyin da ake yi. Idan ya ja numfashi sai ka ji wata ƙara kamar ana busa sarewar da ta tsage, ramin wuyansa yana lotsawa, haƙarƙarinsa yana shigewa ciki. Yana buɗe baki zai yi kuka, amma babu sautin da ke fitowa. Daga ɗaya daga cikin ƙauyukan ƙasarmu aka kawo shi, ba zan ambaci sunansa ko na ƙauyensu ba saboda amanar aiki.

Mahaifiyarsa ta gaya mini cewa tun bayan yaye muryarsa ta fara dishewa. Da farko aka ce sanyi ne. Aka je kemis aka karɓo maganin tari, ya sha kwalba bayan kwalba. Da numfashin ya fara ƙara sai aka ce fuka ce, aka sayo abin shaƙa. Daga baya aka kira wanzami ya cire masa beli. Haka aka yi ta fama fiye da shekara guda. Allah cikin ikonSa, sai kawun yaron, wani tela mazaunin birni, ya je gida biki, ya kwana a ɗakin da ke kusa da nasu, ya ji irin numfashin da yaron ke yi cikin dare. Gari na wayewa ya sa su a mota.

A daren nan ba mu da zaɓi, sai da muka huda wuyan yaron muka sa masa bututun numfashi. Bayan kwana biyu muka shiga da shi ɗakin tiyata muka kwashe tsiron da ya toshe masa maƙogwaro, bayan 'yan makonni kuma muka cire bututun. Na yi wa mahaifinsa bayani cewa abin zai iya dawowa, na rubuta masa ranar da zai dawo da yaron. Amma shi abin da kunnensa ya ɗauka shi ne an yi aiki an gama. Ranar ta zo ta wuce, lokacin kaka ne, ga aikin gona, ga kuɗin mota. Bayan wata huɗu sai ga su sun dawo, yaro yana irin numfashin nan na farko. Uban ya dube ni ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe aikin bai yi kyau ba ke nan?" Na ce masa, "Malam, aiki ya yi kyau. Ciwon ne haka halinsa yake." Zan dawo kan wannan yaro a ƙarshen jawabina.

Mene ne wannan ciwo?

A gaban wuyan kowannenmu akwai maƙwallato, wato ɗan akwatin da murya ke fitowa daga cikinsa. A cikinsa akwai wasu tantani guda biyu da ke kallon juna, waɗanda suka yi nazarin Hausa a makaranta za su tuna da tantanin maƙwallato a darasin furuci. Idan mutum zai yi numfashi sai su buɗe iska ta wuce zuwa huhu, idan zai yi magana sai su haɗu su riƙa karkarwa, sauti ya fito. Ke nan ƙofa ɗaya ce murya da numfashi suke tarayya a kanta. A jikin ƙaramin yaro, faɗin wannan hanya bai wuce kaurin ƙaramin yatsansa ba.

A kan wannan tantani ne ciwon da muke magana yake tsirowa. Likitoci na kiran tsiron papiloma, suna kuma taƙaita sunan ciwon da haruffa uku, RRP, ma'anarsa tsiron hanyar numfashi mai dawowa. Idan ka leƙa da madubin likita za ka gan shi cure-cure kamar ƙwan kifi, fari-fari ko ja-ja. Ba sankara ba ne. Haɗarinsa yana ga wurin da ya zaɓa ya zauna, domin tsiron da ba zai dami mutum ba idan a hannu ya fito, a nan yana iya raba shi da numfashi.

Abin da ke kawo shi wata ƙwayar cuta ce ta bairos mai suna HPV. Wannan ƙwaya tana da nau'o'i fiye da 200, kowanne da lambarsa. Nau'i na 16 da na 18 su ne ke haddasa wajen kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Nau'i na 6 da na 11 kuwa su ne ke kawo fiye da kashi 90 cikin 100 na tsiron maƙogwaro, kuma an lura na 11 ya fi zafi. A farkon shekarun 1980 ne masu bincike a Jamus, tare da Farfesa Harald zur Hausen, suka ware nau'i na 11 daga cikin irin wannan tsiro. Shi wannan malami ya sami lambar yabo ta Nobel a 2008 saboda gano dangantakar ƙwayar da sankarar bakin mahaifa.

Ciwon iri biyu ne. Akwai na yara, wanda galibi yake bayyana kafin shekara 5, shi ne ya fi tsanani, musamman idan ya fara kafin yaro ya cika shekara 3. Akwai kuma na manya, wanda ya fi kama 'yan shekara 20 zuwa 40, shi kuma ya fi taɓa murya fiye da numfashi.

Kada a ɗora wa uwa laifi

A nan ina neman gafarar iyayena, domin ranar wanka ba a ɓoye cibi. Mafi yawan yaran da ke da wannan ciwo sun ɗauki ƙwayar ne a lokacin haihuwa, yayin da suke ratsowa ta hanyar da Allah Ya tsara. An lura ya fi faɗa wa ɗan fari, musamman idan uwar tana da ƙuruciya kuma naƙuda ta yi tsawo.

Na sha ganin yadda wannan bayani ke rikiɗewa ya zama zargi idan ya isa kunnen dangin miji. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Ƙwayar HPV tana daga cikin ƙwayoyin da suka fi yawa a jikin bil'adama. Mafi yawan maza da matan da suka yi rayuwar aure sukan gamu da ita ba tare da sun sani ba, kuma jiki kan kawar da ita da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Tana iya fitowa daga miji kamar yadda take iya fitowa daga mata, tana kuma iya kwanciya shiru shekara da shekaru. Wani bincike da aka yi a ƙasar Denmak, aka buga a 2003, ya nuna cewa ko cikin matan da ke da tsiro a al'aurarsu lokacin goyon ciki, yara 7 ne kawai cikin 1,000 suka kamu. Shi ya sa likitoci ba sa yi wa mace tiyatar haihuwa don wannan dalili kaɗai.

Bugu da ƙari, yaron da ke da wannan ciwo ba ya shafa wa kowa ta hanyar tari ko wasa ko cin abinci a kwano ɗaya. Kada a ware masa kofi, kada a hana shi makarantar allo ko ta boko.

Alamomin da za a lura da su

Alama ta farko ita ce dishewar murya da ta ƙi wucewa. Dishewar mura takan tafi cikin mako ɗaya ko biyu. Duk yaro ko babban da muryarsa ta dishe har mako uku zuwa huɗu, to wajibi ne likitan maƙogwaro ya leƙa ya gani da idonsa. Ga jariri kuwa, kukansa ne zai zama maras ƙarfi ko ya shaƙe. Wannan gargaɗi ya shafi malaman makaranta da ladanai da 'yan kasuwa da ke cewa yawan magana ne, ya kuma fi shafar masu shan taba, domin a wurinsu dishewar na iya zama farkon sankara.

Alama ta biyu ita ce ƙara a lokacin jan numfashi. A nan ne ake yawan rikita shi da fuka. Bambancin shi ne, mai fuka ƙarar daga ƙirji take fitowa, ta fi yawa idan yana fitar da iska, muryarsa garau take, kuma abin shaƙa yana ba shi sauƙi. Mai tsiron maƙogwaro kuwa daga wuya ƙarar take fitowa idan yana jan iska, muryarsa a dishe take, abin shaƙa kuma ba ya yi masa komai.

Idan aka ga ramin wuya da tsakanin haƙarƙari suna lotsawa, ko yaro ya kasa kwanciya sai a zaune, ko ya kasa shan nono, ko leɓɓansa suka sauya launi, to ba a jiran wayewar gari. A bar shi a zaune yadda ya fi jin daɗi, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro, kada a yi masa turare ko hayaƙi, kada a ba shi maganin tari mai sa barci, a nufi babban asibiti. Game da beli kuwa, ina girmama wanzamanmu, amma beli yana can sama a bayan ganɗa, tsiron kuma yana ƙasa cikin maƙwallato inda aska ba ta kaiwa. Cire shi ba ya ƙara wa yaron komai sai zubar jini da ɓata lokaci.

Yadda ake aikin

Likita yana gane ciwon ta hanyar zura wani siririn madubi mai fitila ta hanci ko ta baki. Idan aka kwashe tsiron kuma sai a aika da shi ɗakin gwaji don a tabbatar. Ana samun likitocin wannan fanni a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da na Jos.

Babban magani shi ne tiyata. Ana sa maras lafiya barci, a bi ta baki ba tare da an yanka wuya ba, a kwashe tsiron. Kayan aikin iri-iri ne. Akwai 'yan ƙananan hantsaki da almakashi masu dogon hannu, waɗanda su ne na asali, kuma a hannun gwani suna biyan buƙata. Akwai hasken lesa mai ƙona tsiron, wanda aka fara amfani da shi a maƙogwaro tun farkon shekarun 1970. Akwai kuma wata na'ura mai siririn bututu da ke aske tsiron tana zuƙe shi a lokaci guda, wadda ta yaɗu daga ƙarshen shekarun 1990.

To, me ya sa yake dawowa? Manomanmu sun san tofa. Ka sare ta yau, ka share gona fes, bayan 'yan kwanaki ta sake tohowa, domin saiwarta tana shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa. Haka wannan ƙwaya take. Tana ɓoye a cikin fatar maƙogwaro, har a wuraren da ido ke gani lafiyayyu. Likita yana cire abin da ya tsiro, amma ba ya iya cire ƙwayar. Wani zai ce don me ba za a yanka da zurfi a huta ba? Amsa ita ce tantanin murya abu ne mai laushi ƙwarai. Idan aka zurfafa zai yi tabo, ko ɓangarorin biyu su manne da juna, yaro ya rasa muryarsa har abada, kuma duk da haka tsiron ya dawo. Saboda haka likitan kirki yakan bar ɗan ragowar tsiro da gangan a kusurwar da tantanin biyu suka haɗu, ya jira wani zagaye. Manufar aikin ita ce a buɗe hanyar iska, a kuma tsare murya, har zuwa ranar da garkuwar jiki za ta rinjayi ƙwayar.

Yawan aikin ya danganta da mutum. Wani sau ɗaya ko biyu ya wadatar. Ƙididdigar da aka yi a Amurka ta nuna yaro mai wannan ciwo akan yi masa aiki kamar sau 4 a shekara, akwai kuma waɗanda aka yi wa fiye da sau 100 a tsawon rayuwarsu. Da yawa sukan sami sauƙi idan sun doshi balaga, amma babu likitan da zai iya yanke rana. A 'yan ƙalilan ciwon kan gangara zuwa huhu, a wasu 'yan ƙalilan kuma ya rikiɗe ya zama sankara, kuma shan taba yana ƙara wannan haɗari.

Huda wuya a sa bututu hanya ce ta ceton rai, amma muna gudunta iyakar iyawarmu, domin an lura tsiron yakan bi ta gangara ƙasa. Jinkirin kawo yaro shi ke tilasta mana yin ta. Idan har an sa, to a koya wa uwa da wani mutum na biyu yadda ake zuƙe majina da wanke bututun, a nemi na'urar zuƙa wadda ba ta dogara da wutar lantarki ba, a rufe bakin bututun da siririn ƙyalle saboda ƙurar hunturu, kuma a hana yaron wanka a rafi ko kududdufi.

Magungunan da ke tallafa wa tiyata

Wajen mutum ɗaya cikin biyar na masu ciwon sukan buƙaci ƙarin magani, musamman wanda ake yi wa aiki fiye da sau 4 a shekara, ko wanda tsiron ya gangara ƙasa. A shekarun 1980 an yi amfani da allurar intafiron, amma tana sa zazzaɓi da kasala, kuma tsiron yakan dawo idan an daina. Daga baya aka koma ga wani magani mai suna cidofovir da ake tsirawa a gindin tsiron, wanda wasu ya yi musu amfani wasu kuma bai yi ba. Wanda ya fi ba likitoci ƙwarin gwiwa a shekarun baya-bayan nan shi ne bevacizumab, da aka fi sani da Avastin. Asalinsa maganin sankara ne da aka amince da shi a Amurka a 2004, aikinsa shi ne hana tsiro samun sababbin jijiyoyin jini da zai rayu da su. Yana da tsada, ana maimaita shi, kuma dole a riƙa duba hawan jini da ƙodar mai karɓarsa.

A watan Agusta na 2025, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da magani na farko da aka yi musamman domin wannan ciwo, mai suna Papzimeos. Allura ce guda 4 da ake yi cikin mako 12, tana koya wa garkuwar jiki gane nau'i na 6 da na 11. A gwajin da aka yi, mutum 18 cikin 35 sun cika shekara guda ba su buƙaci tiyata ba. Wannan albishir ne babba, sai dai amincewar ta manya ce kawai, kuma kuɗinsa ya kai ɗaruruwan dubban daloli. Na kawo shi ne don mu san ilimi yana tafiya. Ina kuma gargaɗi, duk wanda ya zo muku da kwalba a kasuwa ko a Facebook ya ce tana narkar da wannan tsiro, ku riƙe kuɗinku.

Rigakafi ya fi magani

A 2006 aka fito da allurar rigakafi mai suna Gardasil, wadda ke kare mutum daga nau'i huɗu: 6 da 11 da 16 da 18. An yi ta ne musamman saboda sankarar bakin mahaifa, amma ku lura da lambobin biyu na farko. Yarinyar da aka yi wa ita kafin aure ta sami kariya daga sankara, kuma 'ya'yan da za ta haifa sun sami kariya daga tsiron maƙogwaro. Ƙasar Ostareliya ta fara yi wa 'yan matanta a 2007. Tsakanin 2012 da 2016, sababbin yaran da ake samu da wannan ciwo a can sun ragu daga 0.16 zuwa 0.02 cikin kowane yara 100,000, wato saura ɗaya bisa takwas.

A ranar 24 ga Oktoba, 2023, Nijeriya ta shigar da wannan allura cikin rigakafin da ake yi kyauta, aka fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, da burin kaiwa ga miliyan 7.7, kashi na biyu kuma ya biyo baya a watan Mayu na 2024. Sau ɗaya ake yin ta, bisa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2022. Babu rayayyiyar ƙwayar cuta a cikinta.

Na san jita-jitar da ke yawo cewa tana hana haihuwa. 'Yan matan da aka yi wa ita tun 2006 da 2007 a wasu ƙasashe sun yi aure sun hayayyafa. Mu a Arewa mun ɗanɗani kuɗar jita-jita a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohi, cutar ta sake bazuwa har cikin ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Kada mu bari a sake saran mu a rami ɗaya.

Abin da ya rage gare mu

'Yan uwa, a shekarun da na yi ina wannan aiki, na lura abin da ke kayar da iyaye shi ne zuwa na uku da na huɗu da na biyar. A karon farko dangi kan yi karo-karo, kowa ya tausaya. Daga nan sai gajiya ta shigo, a fara cewa likitoci na neman kuɗi ne, a daina zuwa, sai ranar da numfashi ya tsaya a kan hanya. Saboda haka ina gabatar wa wannan taro da shawarwari huɗu.

Na farko, kowane reshe na ƙungiya da ke garin da ke da asibitin koyarwa ya rubuta sunayen gidajen da suka yarda su riƙa saukar da majinyata daga gida, a ba Hakimi da ma'aikatan asibitin garinmu wannan jeri, domin uwar da ta san inda za ta kwana ba ta fargabar tahowa.

Na biyu, a ware wani kaso daga kuɗin shekara a buɗe asusun kuɗin mota na masu ciwon da ke buƙatar zirga-zirga. Kuɗin mota ƙaramin abu ne a wurinmu, amma shi ke hana manomi cika alkawarin likita. A kuma taimaka wa irin waɗannan iyalai su yi rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha.

Na uku, idan mun je gida da Sallah, likitoci da ma'aikatan jinya na cikinmu su zauna da wanzamai da unguwarzoma da masu kemis cikin mutunci, a gaya musu magana ɗaya: muryar da ta dishe fiye da mako uku a tura ta asibiti. Su ne ke fara ganin yaran nan kafin mu.

Na huɗu, reshen mata ya ɗauki maganar rigakafi, kuma mu fara da 'ya'yanmu na cikinmu. Mutanen gida suna kallon abin da 'yan birni suka yi wa nasu 'ya'yan fiye da abin da suka faɗa da baki.

Kammalawa

Na yi alkawarin komawa kan yaron nan. Bayan dawowarsu ta biyu, kawunsa tela ya ce a bar masa shi da mahaifiyarsa duk lokacin da ranar asibiti ta matso. Ya sayi ɗan littafi yana rubuta ranakun, idan kuɗin mota ya gagara ya aika. Sau tara muka shiga da yaron ɗakin tiyata cikin shekara huɗu, tazarar tana ƙara tsawo, har muka koma dubawa kawai. Da aka kawo shi na ƙarshe yana aji huɗu a firamare, ya gaishe ni da murya mai ɗan kaushi, amma kowa a ɗakin ya ji abin da ya ce. Mu mun yi abin da aka koya mana, amma da kawun nan bai je biki ba, da kuma bai buɗe ƙofar gidansa ba, Allah kaɗai Ya san yadda labarin zai ƙare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

 Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure Ya yafe mini. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya ɗaukaka garinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.